Matakan Jama'a da Matsayin Mata da Sana'o'i a Kudancin Ƙasar Kano a Zamanin Da

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi Zazzau ta tsohuwar hanyar fatake, ta Bebeji zai bi, ya bar Kiru daga yamma. In kuwa ya karkata kudu maso gabas, sai ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore har ya kai duwatsun Riruwai cikin ƙasar Doguwa. Wannan yanki ƙasar noma ce mai yawan ruwan sama, inda dawa da auduga da baba ke yi sosai. Labarin Bayajidda ma, sa'ad da ya raba wa Hausa Bakwai ayyukansu, Kano da Rano ya ba sarautar baba, watau rini, Rano kuwa ita ce babbar tsohuwar sarautar wannan kudanci. Galibi a makarantu a kan koyar da tarihin ƙasar nan bisa jerin sarakuna da yaƙoƙinsu. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta nuna cewa kullen mata ya fara ne a matsayin alamar daraja a saman jama'a, sa'an nan ya gangaro ƙasa sannu a hankali, kuma tufafin da suka ɗaukaka sunan Kano daga zaren mata suka fito, na kulle da waɗanda ba na kulle ba.

Matakan maza

Littafin nan da a ke kira Tarihin Kano, wanda aka haɗa shi da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya buga fassararsa ta Turanci cikin 1908, ya soma ne da mutanen Dala kafin zuwan Bagauda, wanda a ke ƙiyasta sarautarsa daga shekarar 999. Ya lissafa manyan mabiyan Barbushe, kowa da aikin da aka san shi da shi. Gijigiji maƙeri ne, Bugazau shi ne mai dafa giya, Hanburki mai magani, Asanni kakan mawaƙa kuma shugaban masu rawa, Maguji kuwa mai haƙar tama da narka ta, daga gare shi ne aka ce Maguzawa suka fito. Abu biyu ya kamata a lura da su a wannan jeri. Na farko, tun asali da sana'a a ke sanin mutum, zuriyarsa kuma ta gaje ta. Na biyu, dukan waɗanda aka ambata maza ne.

Zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ya ƙara wani mataki, watau na malamai, waɗanda darajarsu ta ilmi ce. Buɗewar hanyar Barno da ta Gwanja a ƙarni na 15 ta ɗaga attajirai da fatake. Daga nan jama'a ta yi kama da yadda M. G. Smith ya bayyana ta cikin 1959: sarakuna da masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, sa'an nan yawancin talakawa, manoma da masaƙa da marina da maɗinka, a can ƙasa kuma mahauta da maroƙa da makaɗa. Sana'ar da mutum ya gada, wadda a ke ce wa karda, ta fi wadda ya shiga da rana tsaka daraja, wannan ita ce shigege ko haye. Ƙarƙashin duka akwai babbar iyaka tsakanin ɗa da bawa, ko da ya ke bawan sarki mai sarauta, kamar Shamaki ko Ɗan Rimi, ya kan fi ɗa talaka iko nesa ba kusa ba.

Wannan tsani na maza ne. Mace ba ta gadon karda yadda ɗan'uwanta ke yi, 'yar maƙeri da 'yar malami duk kaɗi su ke yi. Abubuwan da ke auna matsayinta su ne ko ɗiya ce ko baiwa, ko uwargida ce ko amarya, shekarunta da 'ya'yanta, sa'an nan ko tana fita gona da rijiya ko kuwa an ɗauke mata wannan wahala.

Kulle a fada

Asalin kulle a Kano yana haɗe da yawaitar bayi, bayin kuwa daga kudu aka fi kawo su. Tarihin Kano ya ce a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) Galadima Dawuda ya daɗe yana hari a kudu yana aiko wa sarki bayi, har ya kafa garuruwa 21, ya zuba bayi dubu a kowanne, rabi maza rabi mata. Ko da lissafin yana da ƙari irin na masu ba da labari, ma'anarsa a fili ta ke: a tsakiyar ƙarni na 15 sarautar Kano ta sami hannuwan da za su yi mata noma ba tare da ta dogara ga talakawa kaɗai ba.

Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya ci moriyar wannan. Shi ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini, ya ba bābānni sarautu. Cikin jerin abubuwan da aka ce shi ya fara har da kame, watau ɗebo 'yammata daga garuruwan bayin nan zuwa fada, da tara mata dubu, da kulle. Mai karatu zai ga cewa an jera kulle tare da kakaki da figini, domin a lokacin duk kayan sarauta ne. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki bisa shari'a, saboda haka al'adar fada ta sami madogara ta addini.

Kada a ɗauka cewa matan da aka kulle cikin wannan gida ba su da hannu a mulki. Tarihin Kano ya kan faɗi sunan uwar kusan kowane sarki, abin da ke nuna cewa ɗakin da sarki ya fito abin lura ne. Mafi shahara ita ce Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi (1499 zuwa 1509), wadda aka ba sarautar Madaki. Sa'ad da ɗanta ya fita yaƙi, Dagaci ya yi shirin tawaye a birni, ita ce ta tare al'amarin. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565) an ce tare da ita da uwarsa Iya Lamis da Guli ɗan'uwan Auwa ya ke riƙon gari. Binciken da Heidi Nast ta buga cikin 2005 kan matan fadar Kano ya nuna cewa ƙwaraƙwaran sarki sun riƙa lura da hatsin da a ke karɓa daga ƙauyuka, kowace tana da masaniya kan ƙasar da aka ɗauko ta, jakadu mata suna kai da kawowa tsakaninsu da waje, har ma akwai marina a cikin gidan a hannun mata. A kasuwa kuma sarautar Korama, mai kula da awon hatsi, ta mace ce. Shari'ar Malikiyya ta ƙara buɗe wata ƙofa: ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangijinta ba a sayar da ita, tana samun 'yanci ranar da ya mutu, ɗanta kuwa ɗa ne, yana iya gadon sarauta. Ta haka yarinyar da aka kamo daga ƙauyen kudu ta kan wayi gari uwar sarki.

Mata huɗu a ƙasa ɗaya

In aka bar birni aka dubi kudu, za a tarar da mata iri huɗu suna zaune kusa da juna, kowace da irin rayuwarta.

Ta farko ita ce matar attajiri ko ta malami a gari mai ganuwa. Bebeji ita ce misali. Sa'ad da Clapperton ya bi ta cikinta a watan Yuli na 1826 kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 20,000 da 25,000, ya ce da yawansu asalinsu Barno ne da Wadai, kuma ciniki ne aikinsu. A ƙarni na 19 garin ya zama mazaunin fataken goro, musamman Agalawa, masu zuwa Gwanja da jakuna. Irin waɗannan gidaje su suka fara kwaikwayon fada, gama suna da bayin da za su ɗebo ruwa da itace. Duk da haka matan gidan ba su rasa dukiyar kansu ba, domin shari'a ta ba mace sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, miji ba shi da iko a kansu. Labarin Alhasan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877 ya rasu cikin 1955, ya isa shaida. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau ta zauna tana ciniki, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Da sunan wannan baiwa ne a ke kiran attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa, da zuriyarsa har yau.

Ta biyu ita ce baiwar gandu ko ta rinji. Ita ke noma a gonar ubangiji tun hantsi har azahar tare da maza, sa'an nan ta koma ɗan abin da aka yanka mata. Ita ke daka da niƙa da ɗaukar kaya zuwa kasuwa. 'Yancin zama a ɗaka na uwargijiyarta a kan wuyanta ya ke.

Ta uku ita ce matar talaka Musulmi a ƙauye, wadda mijinta ba shi da bawa. Hausawa da kansu sun raba aure uku bisa wannan: auren kulle, da auren tsari inda mace ke fita da izini in bukata ta kama, da wanda malamai suka sa wa suna auren jahilai, inda ta ke fita yadda ta ga dama. Sunan na ukun kaɗai ya isa ya nuna wanda ya raɗa shi da kuma inda daraja ta karkata.

Ta huɗu ita ce Bamagujiya. Maguzawa sun daɗe da zama cikin ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Rano, suna biyan jizya bayan jihadi, suna riƙe da al'adun kakanninsu. Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, da waɗanda suka biyo bayansa, sun bayyana mace mai noma a gandun gida, mai gayaunarta da rumbunta, wadda ke ciyar da kanta da 'ya'yanta wani sashi na shekara daga hatsinta, tana dafa giya tana sayarwa. Wahalarta ta fi ta 'yar'uwarta ta birni, amma kuma ba ta neman izinin kowa kafin ta je kasuwa. Ita ce ta fi kusa da yadda matan ƙasar suka kasance kafin zamanin Rumfa.

Zare da tufafi

Abin da ya haɗa matan nan huɗu shi ne mazari. Tun farkon ƙarni na 16 Liyo Ba'afirke ya ambaci audugar ƙasar Kano da gwanintar masu sana'arta. Sa'ad da Barth ya zo cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa kowace shekara a kan wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma yaba da cewa sana'ar a cikin gidaje a ke yinta, ba ta raba mutum da iyalinsa. Garuruwan rini na kudu, irin su Kura da Bunkure da Dal, su ne ƙashin bayan wannan ciniki, baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Buzaye ke so har ɗan Kura a ke ce masa.

Masaƙi namiji ne, haka marini da mabugi da maɗinki da dillali da falke, kowannensu kuwa yana da sarkin sana'arsa, Sarkin Marina ko Sarkin Dillalai, wanda ke tsaya musu a gaban hukuma. Amma kafin auduga ta kai hannun masaƙi sai ta bi ta hannun mace sau uku. Ita za ta gurje ta a kan magurji ta fid da angurya, ta shiɓe ta da baka, sa'an nan ta kaɗa ta, tana shafa alli a yatsa, ta fid da zarre mai ƙarfi na tsaye da abawa mai taushi ta kwance. Kaɗi ya fi saƙa cin lokaci ƙwarai, har ya zama masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi masa aiki kafin masaƙarsa ta wuni tana motsi. Ke nan yawancin hannuwan da ke cikin babbar sana'ar Kano na mata ne, ko da ya ke masu kaɗi ba su da sarki, ba su da rumfa a kasuwa. Matar kulle ta kan ba 'yar talla ko tsohuwa dillaliya zarenta, kuɗin ya dawo mata, ta sayi akuya ko ta ƙara ƙore da tasoshi a jerenta, ko ta tanadi kayan ɗakin 'yarta. Waɗansu matan kuma suna da tasu masaƙa ta tsaye mai faɗi, wadda a ke saƙa gwado da ita a cikin gida.

A can ƙarshen kudu, Riruwai ta shahara da narka kuza tun kafin zuwan Turawa. A kan zuba dalmar cikin siraran ramuka ta fito kamar tsinke, fatake su saya su kai wa maƙeran farfaru. A ƙarni na 19 waɗansu daga cikin masu wannan sana'a suka ƙaura zuwa ƙasar Bauci suka kafa Liruwen Dalma. Wannan aikin maza ne na gado, amma masu sayen abin da maƙeran farfaru ke ƙerawa, mundaye da zobba da 'yan kunne, galibinsu mata ne, da kuɗin zare su ke saye.

Haka al'amarin ya ke ga fasahar baka. Makaɗan sarki da na sana'a maza ne, kuma ƙasan tsani aka ajiye su ko da sun yi arziki. Mata suna da tasu fasaha wadda ba ta cikin tsanin: waƙoƙin niƙa da na daɓe, kiɗan ƙwarya da shantu, tatsuniya da dare, da guɗa ranar biki. Zabiya kaɗai ce ta fito fili ta yi roƙo kamar maza, ita ma ta ɗauki raini irin nasu. Bori, wanda mata suka fi yawa cikinsa, ya taɓa zama kusa da sarauta, kamar yadda matsayin Inna a Gobir da na Iya a Maraɗi ke nunawa, amma bayan jihadin 1804 aka tura shi gefe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) kuma ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan ƙauye. Jihadin ya ɗaga ilmin mace, ya kuma rage sarautun da ta ke riƙewa a fili.

Wannan tsari ba na Hausa kaɗai ba ne. A ƙasar Sin malamanta sun raba jama'a huɗu, masu ilmi da manoma da masu sana'a da 'yan kasuwa, suna ganin noma na namiji ne, saƙa ta mace, hukuma kuma ta daɗe tana karɓar wani sashi na haraji da ƙyallen da mata suka saƙa. A zamanin daular Sung (960 zuwa 1279) al'adar ɗaure ƙafar 'yammata don ta tsaya ƙarama ta yaɗu cikin manyan gidaje, daga baya talakawa suka kwaikwaya. A can da nan duka, gidan da ya iya hana matansa fita ya nuna ya wadata, alhali kuwa aikin da su ke yi a ɗaka yana cikin abin da ya wadata shi.

Gangarowar kulle

Sojan Turawa sun fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon 1903, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu. Dokar Lugga ta 1901 ta riga ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, cikin 1936 kuma aka soke bauta ɗungum. Abin da ya biyo baya ya ba masu bincike mamaki. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 kusa da Zarewa, yamma da Kiru, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, daga labarinta da binciken M. G. Smith aka gane cewa matan da suka fita daga bauta sun yi ta janyewa daga gona, domin a idonsu noma aikin baiwa ne, zaman ɗaka kuwa shi ne shaidar 'yanci. Kuɗin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya ba manomi halin biyan ɗan ƙwadago da haƙa rijiya a cikin gida. Ta haka abin da Rumfa ya fara a fada ya kai ƙauyuka da yawa bayan shekara fiye da 400.

A daidai wannan lokaci ne kuma mazari ya fara faɗuwa. Zaren kanti da atamfar Ingila suka cika kasuwa, masaƙar Kaduna ta fara aiki cikin 1957, kaɗi ya daina biyan wahalarsa. Matan Kiru da Bebeji da Tudun Wada suka koma ga man gyaɗa da ƙuliƙuli da fura da ɗinkin hula, har yanzu daga cikin gida, har yanzu ta hannun 'yar talla. Malamin da ke fama da ƙarancin 'yammata a aji a waɗannan garuruwa yana fuskantar ragowar wannan tsari ne, gama yarinyar ita ce ƙafar uwarta zuwa kasuwa, ribar tallan kuma ita ce kayan ɗakinta. Wanda ya san asalin abin zai fi sanin yadda zai yi wa iyaye magana, zai kuma iya gaya wa ɗalibansa cewa tarihin ƙasarsu ya ƙunshi Madaki Auwa da Tata da matan da suka kaɗa zaren ɗan Kura, kamar yadda ya ƙunshi Rumfa da Galadima Dawuda.